Zanen da ke fitowa kore ya koma shuɗi

Maƙabartar da aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina cikin watan Mayun 2010 ta ci sunan Wali Ɗan Marina ne, shahararren malamin nan na ƙarni na 17. Sunan kaɗai ya isa shaida cewa rini tsohuwar sana'a ce a birnin. Amma marinan wancan zamani sun yi ta sarrafa wani abin al'ajabi da sai a 1883 aka gano sirrinsa, can a Jamus.

Shuni ba ya narkewa a ruwa. Ko kwana nawa ka jiƙa shi, zai kwanta a ƙasa ne kawai. To, ta yaya abin da ba ya narkewa zai shiga cikin zare?

Marini yakan zuba baba da toka da katsi a karofi, ya cika da ruwa, ya bar shi kwanaki yana motsawa da muciya har ya ruɓa, kumfa ta taso, wari ya gauraye unguwa. Sai ya tsoma farin zane. Da ya ɗago shi, kore-kore ne mai ratsin rawaya. Kafin ya gama matsewa, a gaban idonka, ya rikiɗe ya zama shuɗi.

Can a Jamus, wani masani mai suna Adolf von Baeyer ya fara bin diddigin shuni a 1865, ya shekara 18 kafin ya zana siffar ƙwayarsa: zarrar kabon 16, haidirojin 10, naitirojin 2, oksijin 2, a shimfiɗe kamar faifai. Saboda wannan shimfiɗa, ƙwayoyin kan hau kan juna su riƙe juna gam, ruwa ya rasa ta inda zai raba su. A cikin karofi kuwa, toka tana sa ruwan ya yi kaifi, ƙananan halittun da ke ruɓar da baba su cinye iskar da ke ciki, su kuma ƙara wa kowace ƙwayar shuni ilektoron biyu. Wannan ɗan canji ya isa: launin ya dusashe, ƙwayar ta narke ta kutsa cikin auduga. Da iska ta buge ta, sai ta koma yadda take, ta maƙale a ciki ba hanyar fita.

Maƙalewa ce fa, ba ɗaurin aure ba, don shuni ba ya ƙulla haɗi mai ƙarfi da auduga. Shi ya sa rawani ɗan Kura, wanda ake ƙara masa shuni a wajen bugu, yake zuba a fuskar Buzu, wandon jins kuma yake koɗewa a gwiwa.

Binciken Baeyer ya jawo wa masu noman baba asara. A 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shunin masana'anta, kuma kafin 1914 cinikin baban Indiya ya durƙushe. Sannu a hankali garin shunin bature ya iso kasuwanninmu, karofi da yawa suka koma juji.

A 1909 wani masanin, Paul Friedländer, ya tatse dodon koɗin teku 12,000 ya samu giram 1.4 na rinin shunayya da sarakunan Rum suke taƙama da shi. Da ya bincika, ashe shunin marina ne, an cire haidirojin biyu an sa buromin biyu a gurbinsu.