Yadda gona da baiti ke zama kiɗa

Wanda ya taɓa tsayawa bakin kwalbati a Kadawa da asuba ya san gona tana da sauti: ruwan Tiga na kwarara ta cikin ƙofa, kwaɗi na amsa wa juna, can kuma yaro na kaɗa gwangwani yana korar jan baki daga shinkafa. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, har da rani ana jin wannan a Kura da Bunkure.

Irin wannan sauti wasu mawallafan kiɗa na Turai suka rubuta wa taron makaɗa. A 1725 aka wallafa kiɗan Vivaldi na lokutan shekara huɗu, kowane lokaci da waƙarsa a rubuce, gogen Turawa yana bin baitocin har da haushin kare da tsawa. Beethoven kuma, a babban kiɗansa na shida na taron makaɗa da aka fara yi a birnin Biyana a 1808, ya sa sarewa da wasu kayan busa biyu su kwaikwayi tsuntsaye uku a bakin rafi.

Mu ma muna da namu, kuma ni ya fi taɓa min zuciya. A gayya, mai gangar noma kirarin manomi yake bi. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, sai ganga ta ɗauki karin kalmomin ta faɗe su ba da baki ba. Shi ne take. Saurayi na jin takensa daga ƙarshen kunya, sai ya ƙara duƙawa, garma ta shiga ƙasa daidai da bugun.