Shin 'Ya'yan Unguwar Talakawa Kan Yi Fice A Makarantar Gwamnati?

Wannan tambaya ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau. Yana cewa: don Allah ku bayyana mini, gaskiya ne makarantar gwamnati ba ta yin kyau a unguwar da talakawa da baƙi suka yi yawa?

To malam, mu leƙa Tower Hamlets, wata ƙaramar hukuma a gabashin birnin Landan na ƙasar Ingila. Talakawa sun yi yawa a cikinta, ko da yake manyan bankunan Canary Wharf a nan suke. Fiye da rabin ɗalibanta 'ya'yan mutanen Bangaladash ne, galibi Musulmi 'yan asalin yankin Sylhet, kuma da yawansu ba da Turanci ake magana a gidajensu ba.

A 1997, kashi 26 cikin 100 na ɗalibanta kaɗai suka ci darussa biyar da kyau a jarrabawar gama sakandare da ake kira GCSE, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 43 ne. A 1998 hukumar sufetocin makarantu, wato Ofsted, ta yi kakkausar suka ga yadda ake tafiyar da ilimi a wurin. Amma zuwa 2013, babu sakandaren gwamnati ko ɗaya a yankin da sufetocin ba su sa ta a sahun masu kyau ko fitattu ba.

To me ya faru? Na farko, a ƙarƙashin shugabar ilimi Christine Gilbert, an daina karɓar talauci a matsayin uzuri. Aka sa wa kowace makaranta mizani, aka riƙa bin sakamakon yara sau da ƙafa. Na biyu, aka nemo ƙwararrun malamai, aka kuma horar da 'yan unguwa su zama malamai. Na uku, aka jawo iyaye a jika. A da, wasu kan kwashi yara su tafi ganin gida Bangaladash ana tsakiyar karatu, sai makarantu suka haɗa kai da Masallacin Gabashin Landan, limamai suka riƙa jan hankalin iyaye a kan illar fashin makaranta. Kuɗi ma sun taimaka, don gwamnati tana ba yankin kaso mai tsoka, sai dai can baya ma ana ba shi, ba a ga amfaninsu ba sai da aka gyara shugabanci.

Saboda haka malam, talauci kan jawo cikas, amma bai isa ya yanke wa yaro ƙauna ba. In za ka sa ɗanka a makaranta, ka bincika ko malamai suna shiga aji, kai kuma ka tabbata ba ya fashi ranar kasuwa ko lokacin kaka.

Da fatan ka gamsu. Sai mun sake jin ka.