Ko Kun Sani? Galahanga da Neman Aure

Masu lalurar galahanga suna soyayya, suna aure kamar kowa. Inda suke shan wuya shi ne gane abin da ba a furta ba. Zancen saurayi da budurwa a garuruwa irin su Boɗinga da Shagari cike yake da kunya da shaguɓe, alhali mai lalurar yakan ɗauki magana yadda aka faɗe ta. Akan ɗauki shirunsa girman kai, hayaniyar biki kuma takan takura masa. Lalurar daga yanayin ginuwar ƙwaƙwalwa take, ba shafar aljanu ba ce. Magana ƙarara da haƙurin dangi suna sauƙaƙa zama. Ana samun shawarar likita a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware.