"Ai Bai Taɓa Dukanki Ba"

Idan mace ta yi yaji ta koma gida, tambayar farko da ake yi mata ita ce ko ya doke ta. In ta ce a'a, sai a tambayi ci da sha da sutura. In duk yana yi, magana ta ƙare: a ba ta haƙuri, a haɗa ta da ƙaninta ya mayar da ita ɗakinta kafin magariba. Ma'aikacin da ya ce shugabansa ya hana shi sakat ma haka ake sallamarsa, tunda dai albashi yana shiga. Tambayoyin ba laifi ba ne, sai dai akwai cutarwar da ba sa kamawa, kuma ita ta fi yawa. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na shekarar 2018 ya nuna kashi 32 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure sun sha zagi, barazana ko wulaƙanci daga mazajensu, alhali waɗanda duka ya shafa kashi 19 ne. Kuma ba maza kaɗai ke yi ba. Akwai matar da ta mai da mijinta abin tausayi, akwai uwar miji da kishiya, akwai ubangidan da ke jan yaron shagonsa da alkawarin sallama shekara da shekaru.

Abin da ke sa wannan muzgunawa wuyar ganewa shi ne kowane abu, in aka ɗauke shi shi kaɗai, ƙarami ne. Miji ya yi alkawarin kuɗin makarantar yara ranar Juma'a. Asabar ta tuna masa, ya ce, "Yaushe na faɗa? Ke fa kwanan nan kanki ba daidai yake ba." Ta nace, sai ya tono gorin kayan ɗakin da iyayenta suka kasa cikawa, daga nan ya ɗauke mata wuta mako guda, har ta kai ita ce ke durƙusawa tana ba da haƙuri. A rana ta takwas ya shigo da tsire da atamfa, ya koma mutumin nan da ta sani lokacin zance. Masaniyar halayyar ɗan Adam, Jennifer Freyd ta Jami'ar Oregon a Amurka, ta bayyana wannan salo tun 1997: mai laifi ya musanta, ya far wa wanda ya tuhume shi, sannan ya juya zancen ya zama shi aka zalunta. Wanda aka daɗe ana yi wa haka yakan daina yarda da abin da kunnensa ya ji. Tsiren da atamfar kuwa ba hutu ba ne daga cutarwar, su ne ke riƙe mutum yana jiran dawowar kwanakin daɗi.

A ganina, duk wannan makirci a kan abu ɗaya ya dogara: kada a samu wani na uku da zai ji, ya ce ba haka aka yi ba. Shi ya sa mai wannan hali ke fara raba mutum da mutanensa. Ƙawarki munafuka ce, yayarki tana zuga ki, gidanku ba sa ƙaunata, kawo wayar in gani. A waje kuma shi ne mai fara'a da kyauta, na sahun gaba a masallaci, ta yadda ranar da aka kai ƙararsa mai ƙarar za a kalla da mamaki. Masu tsara doka sun gane haka. Dokar hana cin zarafin mutane da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015 ta ware laifin raba mutum da danginsa da abokansa, ta kuma tanadi ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun, ga mai muzgunawa da baki ko ta hanyar jefa wani cikin ƙuncin zuciya. A Abuja dokar ta fara aiki, daga baya jihohi irin su Kaduna da Bauchi suka yi tasu.

Wani zai ce wannan ɗabi'ar Turawa ce ake son cusa mana, a lalata aure. Mai faɗar haka ya koma wa littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. A mazhabar Malikiyya mace tana da damar neman alƙali ya raba aure saboda cutarwa, kuma malaman da suka yi sharhin Mukhtasar Khalil ba su tsaya kan duka ba, sun lissafa zaginta da zagin iyayenta da ƙaurace mata ba dalili. Suratun Nisa'i ta yi umarni a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata, wato a shigo da idon wasu cikin lamarin. Rufin asiri abu ne mai kyau, amma an yi shi don kare mutuncin gida daga 'yan gulma, ba don a hana wanda ake cuta zuwa wurin waliyyinsa ba.

Ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi shi ne cewa zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma in aka buɗe wannan ƙofa, duk yaron da aka yi wa faɗa zai ce ana muzguna masa. Akwai gaskiya a ciki, don an fara ganin masu laƙaba wa duk wanda ya saɓa musu sunan cutar ƙwaƙwalwar da suka tsinta a TikTok. To amma bambancin a fili yake. Faɗan tarbiyya yana da dalili sananne, yana ƙarewa in an gyara. Saɓanin zama kowa yana faɗin nasa, wani lokaci wannan ya sauko, wani lokaci wancan. Inda kullum mutum ɗaya ne mai laifi, inda dokar jiya ba ita ce ta yau ba, inda ake jin sallamar mutum gaba ya faɗi, wannan ya wuce saɓani.

Tunda ƙarfin abin a kaɗaici yake, maganinsa na farko shaida ne. Kada a yanke zumunci komai matsi, a samu ko mutum ɗaya mai hankali da ake gaya wa abu a lokacin da ya faru. A riƙa rubuta rana da abin da aka faɗa, a ajiye inda hannunsa ba zai kai ba. A daina dogon musu da mai musanta abin da ya faɗa da bakinsa, domin ba gaskiya yake nema ba, gajiyar da kai yake so. A wurin aiki, inda oga ke ba da umarni da baki ya zo taro ya ce "Ni na sa ka?", saƙo ɗaya ya isa: "Ranka ya daɗe, don in tabbatar na fahimta, ranar Alhamis ka ce a miƙa takardar ko?" Ba rashin kunya a ciki, kuma ya zauna a rubuce. Barin aiki ba abu ne mai sauƙi ba a wannan zamani, ba kuma wanda zai ce a yi gaggawa, amma ƙungiyar ma'aikata da kotun ma'aikata ta ƙasa da hujja suke aiki. Nijeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi a wurin aiki a 2022. A Faransa ma, a 2019, kotu ta samu tsofaffin shugabannin kamfanin France Télécom da laifin gallaza wa ma'aikata don su gaji su tafi, bayan da dama daga cikin ma'aikatan sun kashe kansu.

In abin ya kai ga rashin barci, faɗuwar gaba ko tunanin mutuwa, a je asibiti, tare da addu'ar da ake yi. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware ba na masu taɓin hankali kaɗai ba ne. In kuwa barazana ta shigo, kada a sanar da mai muzgunawar ana shirin tafiya, don lokacin rabuwa ne irin waɗannan mutane suka fi zama haɗari. Iyaye da masu unguwa da 'yan Hisba da ake kawo wa ƙara su ma da gyara a wurinsu. Zaunar da miji da mata wuri guda tun farko yana ba mai iya baki nasara, ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce ba komai. A fara jin kowa shi kaɗai, a tambaye ta rabonta da gidan 'yan uwanta, wa ke riƙe da wayarta, da abin da ke biyo baya duk ranar da ta ce a'a.