Yadda Ake Gyara Reshe Ɗaya a Dajin Kwamfuta



Duk wanda ya taɓa kallon katun ko buga wasa a waya ya ga daji mai dubban bishiyoyi. Yawanci ba mutum ne yake zana su ɗaya bayan ɗaya ba. Doka ake ba kwamfuta ta bi.

Misali, a ce mata: ja layi ki raba shi biyu, kowane reshe ma ki sake raba shi biyu. In ta maimaita sau 10, ƙananan rassa sun kai 1,024. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Hangari, Aristid Lindenmayer, shi ya fito da irin wannan tsari a 1968 don bayyana yadda tsiro yake girma. Yanzu manhajoji irin su SpeedTree da Houdini da Blender suna aiki da dokoki wajen ƙera bishiyoyi.

To ina matsalar take? A ce mai zane ya ga reshe ɗaya ya rufe fuskar jarumin fim. In ya canza dokar, duk bishiyoyin dajin za su canza. In kuma ya sare reshen da hannu, da zarar kwamfuta ta sake lissafi sai reshen ya dawo, wahalarsa ta tashi a banza.

Dabara ta farko ita ce a ba kowane reshe lambarsa, kwamfuta ta ajiye gyaran tare da lambar. Duk lokacin da ta sake gina dajin, sai ta nemo reshen ta maimaita gyaran. Amma dole lambar ta zama wadda ba ta canzawa. Kamar a ajinmu ne: in Malam ya rubuta "na uku a benci na biyu" ya yi surutu, gobe aka sauya wurin zama, wani ne zai sha bulala. Shi ya sa ake rubuta suna.

Dabara ta biyu, mai zane yana shafa launi a ƙasan dajin: nan bishiya ta yi yawa, nan a bar hanya. Kwamfuta ta cike sauran.

Blender kyauta ce. Duk wanda ya samu kwamfuta ya roƙi malamin darasin kwamfuta ya nuna masa, ya fara da bishiya ɗaya.

Daga ɗalibar aji biyu, ƙungiyar 'yan jarida.