Baƙon da Aka Ƙi Roƙonsa na Mafaka: Ina Zai Kwana Kafin a Gama Shari'arsa?

Mu da ke zaune a ƙasar Dambatta, Makoɗa da Kunchi muna kan hanyar baƙi, domin titin Kano zuwa Daura yana kaiwa har iyakar Nijar. Wani baƙon fatauci ya kawo shi, wani kuwa gudun tsira da rai. Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne wanda ya nemi mafaka a wurin gwamnati aka ƙi, ya ɗaukaka ƙara, yana jiran amsa. Ina zai kwana a wannan tsakanin?

Abin da doka ta ce

Najeriya ta amince da yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951, da ta ƙasashen Afirka ta 1969. Duka biyun sun hana a mayar da mutum inda ransa ke cikin haɗari. A 1989 aka kafa hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa, wadda yanzu ake kira NCFRMI. Ita ke duba roƙon mai neman mafaka. Dokar da ta kafa ta ta ba wanda aka ƙi damar ɗaukaka ƙara, ta kuma bar shi ya zauna a ƙasa tare da iyalinsa har a saurare shi. Ke nan hukuncin farko bai rufe magana ba, wanda ya ba shi masauki kuma bai ɓoye mai laifi ba.

Sai dai izinin zama ba ya zuwa da ɗaki. A Ingila gwamnati kan ci gaba da ba marar galihu wurin kwana muddin ƙararsa na gaban kotu. A nan kuwa, matsugunai irin na Adagom a Ogoja, inda 'yan Kamaru suke, suna can Jihar Kuros Riba. A ƙauyukanmu nauyin kan jama'a yake sauka.

Abin da Maganar Allah ta koya

A Littafin Ƙidaya sura 35 Ubangiji ya sa aka keɓe birane 6 na mafaka, domin kada a taɓa wanda ake zargi da kisa kafin ya tsaya gaban taron jama'a. Yoshuwa sura 20 ta ƙara da cewa dattawan birnin ne za su ba shi wurin zama. Masauki ne ya fara zuwa, shari'a ta biyo baya. In an yi wa wanda ake zargi da jini haka, ina ga wanda yaƙi ya koro?

Mu ma an yi wa namu. A 2019 dubban mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina sun tsere wa 'yan bindiga zuwa Jihar Maraɗi. Talakawan ƙauyukan wajen Gidan Rumji ne suka fara buɗe musu gidaje, kafin a mayar da wasu wurare irin su Garin Kaka.

Yadda ikilisiya za ta yi

Mun san halin da muke ciki: gonaki ƙanana, gida cike, rumbu kan yi ƙasa kafin kaka. Saboda haka kada a bar wa gida ɗaya.

Na farko, a kai baƙon gaban mai unguwa da dagaci, a nuna takardar ɗaukaka ƙararsa. Abin da aka yi a fili yana kare shi, yana kare mu daga zargi.

Na biyu, dattawa su raba nauyi. Wani ya ba da shago, wasu mudun gero, Zumuntar Mata ta kula da mata da yara.

Na uku, a tanadi kuɗin mota daga baiko, a sami mai karatu ya riƙa duba masa takardu da ranakun da aka sa. Wanda ya saɓa rana yana iya rasa ƙararsa ko da yana da gaskiya.

Na huɗu, kada a sa masa sharaɗin addini, kada kuma ya zama ɗan ƙwadago marar lada. In ya yi noma, a biya shi kamar kowa.

In ƙarar ta faɗi, mu gaya masa gaskiya, mu taimake shi neman lauya ko wata halattacciyar hanya. Yanke hukunci aikin hukuma ne. Namu shi ne kada ranar ta same shi yana kwana a tasha.