Ruwan Famfo a Birnin Ikko: Wa Ke Sha, Wa Ke Biya?

Ruwa ya kewaye birnin Ikko, amma yawancinsa na gishiri ne, ba ya shawuwa. Saboda haka a dā da rijiyoyi mutanen garin suka dogara.

A shekara ta 1908 Gwamna Egerton ya kawo shawarar a jawo ruwan famfo, a ɗora wa mutanen gari harajinsa. Jama'a suka ƙi, har aka kafa ƙungiyar People's Union, domin a ganinsu Turawa ne za su fi cin moriya, talaka kuwa ya biya. Duk da haka aka gina ma'aikatar ruwa ta Iju, aka buɗe ta a 1915. Gari ya yi ta bunƙasa, a farkon shekarun 1990 aka ƙara ta Adiyan, mai ɗebowa daga Kogin Ogun. Ita ma ba ta wadatar ba.

Ƙorafin 1908 bai mutu ba, kama ya sake. Yau mai hali rijiyar burtsatse yake haƙawa a gidansa. Wanda bututu bai kai unguwarsa ba kuwa, sai ya saya jarka-jarka wajen 'yan ga-ruwa, da tsadar da ta fi ta famfo, alhali shi ne mai ƙaramin ƙarfi.